Vernell Mai Kunne da Shari'ar Faifai Biyu

A layinmu na kudancin Memphis babu wanda zai ce maka ya taɓa ganin Vernell Tibbs a zaune har ƙanƙarar shayinta ta narke. Akwai kujera mai lilo a barandarta, marigayi Mista Tibbs ne ya saya mata shekarar da suka tare a gidan, amma ko fentin mazauninta bai goge ba. Kyanwar maƙwabta ce ke morarta. Ita Vernell a tsaye take gaisawa, a tsaye take cin abinci. A coci ma bakin benci take zama, don ta samu hanyar tashi ta je ta daki fankar da ita kaɗai ke jin tana ƙara.

Kunne Allah ya ba ta, kuma kunnen ne ya ciyar da ita shekara ashirin da biyu. Daga gonar auduga ta Mississippi ta zo garin nan tana da shekara sha bakwai. Ta yi wanki da guga a wani otal har hannunta ya yi kanta, sannan ta samu aiki a masana'antar buga faifan garmaho da ke bayan layin dogo. Da farko zura faifai take yi cikin kwali, daga safe har yamma. Wata rana ta tsayar da shugaban ma'aikata ta ce masa inji na huɗu yana tari. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce ta kula da kwalinta. Kafin a tashi aiki faifai ɗari takwas sun fito da tabo. Washegari aka ba ta ɗaki.

Ɗakin bai fi makewayi girma ba, kuma babu taga. Garmaho ɗaya, abin sawa a kunne, da jan fensir mai maiƙo. Duk faifai ɗari da inji ya fitar sai a kawo mata ɗaya ta saurara. Ba waƙar aka ce ta saurara ba. Aibi take nema: ƙas, ko shuu, ko inda allura ke tsalle. In ta ji sai ta ɗaga allura, ta zana da'ira a wurin, a tsayar da inji. In ba ta ji komai ba ta sa hannu, mota ta kwashe. Ana ba ta kwafi ɗaya na duk abin da ya bi ta hannunta, har ɗakin bayanta ya cika da manyan kwalayen faifai. Lokacin da masana'antar ta rufe a 1979, mu dai a wurinmu Vernell ta riga ta zama hukuma. Kiɗan sol, namu na baƙar fata da ya fito daga coci ya faɗa titi, rabin wanda muka taka rawa da shi ta kunnenta ya fara bi.

To a cikin faya-fayan nan akwai guda biyu da suka hana layinmu zaman lafiya. Babu mai kiran su da sunan mawaƙa, launin kwalinsu muke kira, Ja da Shuɗi. Ja na wani namiji ne mai murya kamar ana juya tsakuwa a kwano, da masu busa ƙaho huɗu a bayansa. Waƙa goma, gajeru, kowace ta shigo ta doke ka ta fita. Shuɗi na mace ce, da piyano da goge, waƙa takwas, ba ta sauri ko kaɗan, sai ka yi zaton ta manta da kai sannan ta juyo.

Hosea Mabry, ƙanen Vernell, direban bas ne na gari, shi ne sarkin yaƙin Ja. Ozella Crume, mai dafa abinci a makarantar firamare, gidanta na kallon na Vernell, ita ce ta riƙe tutar Shuɗi. Shekara sha shida suna abu ɗaya. Mun sha cewa da aure suka yi da tuni sun huta, mu ma mun huta.

"Madam Kuku," in ji Hosea, in ya sauko daga aiki ya jingina da shingenta, "faifan da sai mutum ya kwanta kafin ya saurare shi, wannan ai maganin barci ne. Je ki asibiti su ba ki na ƙwaya, ya fi araha."

"Direba, kai ai duk abin da ya yi ƙara waƙa ne a wurinka. Shekara talatin kana danna oda, me ka sani?"

"Ja an ɗauke shi mutum takwas a ɗaki guda, suna gumi suna kallon juna. Kina jin gumin."

"Ina ji mana. Shi ya sa nake buɗe taga."

"Naki fa? Sai da aka ɗauko masu goge ashirin aka lulluɓe ta kamar mara lafiya."

"Saurari waƙa ta biyar ka gaya mini wa ya lulluɓe ta. Ita da piyano ne kawai. Mutuminka in aka kwashe masa ƙahonin nan, ihu kawai zai rage, irin na wanda ƙofar bas ɗinka ta matse wa yatsa."

"Ja bai da waƙar banza ko ɗaya. Goma cif, ba ka tsallake ko guda."

"Goma ne, amma duk ɗaya ce. Na bari, dawo, na tuba. Har sau goma. Ai ko ni ce matar da na dawo don ya yi shiru."

Ƙarshenta kullum sai su tsallaka titi su tsaya a gaban Vernell, tunda duka biyun ita ta saurare su kafin kowa a duniya ya saya. Ita kuwa tana shara ko tana kwashe shanya, ba ta ko juyowa.

"Yaya, ki raba mu don Allah."

"Duka biyun an sayar, duka biyun an saya," in ji ta. "Hosea, ɗaga ƙafarka daga kan furena."

Mu kuma sai mu ce kai, hikima. Manya ba sa saurin yanke hukunci.

A watan Agustan 1985 Ozella ta kai Vernell wurin likitan kunne, don an lura tana juyo da gefen dama in ana mata magana. Likita ya sa ta a ɗan ɗaki mara taga, ya sa mata abin sawa a kunne, ya ce in ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ta dube shi kamar wanda ya zo koya mata tafiya. Da aka gama ta ce masa akwai wayar da ta saki a bayan na'urarsa, ya sa a duba. Ya yi dariya, sannan ya daina dariya ya nuna mata takarda. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana kan hanya. Shekara ɗaya, wataƙila biyu in an yi sa'a.

Tunda Ozella ce ta tuƙa motar, kafin su gama fakin duk layin ya ji. Kuma kun san halinmu. Ba mu ko ce sannu da kyau ba sai ga Hosea da Ozella sun haɗa kai, karo na farko a tarihi, sun zo mata tare.

"Yaya, ba wai muna miki fata ba ne," in ji Hosea yana murza hularsa. "Amma kunnen nan na jama'a ne. Kada ya tafi da amsar."

"Ranar hutun ma'aikata, farkon watan gobe," in ji Ozella. "Za a rufe layi a soya kifi kamar kullum. A sa Ja, a sa Shuɗi, ki faɗi. Wanda aka kayar ya rufe bakinsa har abada."

"Har abada ya yi yawa," in ji Hosea. "Shekara biyar."

"Ka ga ni? Ya riga ya san inda za ta faɗa."

Vernell ta ce to. Ta shiga gida ta rufe ƙofa, ta tsaya a tsakar falo da jakarta a hannu, ta kasa ajiye ta.

Ga abin da babu wanda ya sani a lokacin, ita ce ta gaya mana daga baya. Vernell ba ta taɓa jin Ja ba. Ba ta taɓa jin Shuɗi ba. Ta saurari kowanne ya fi sau ɗari uku, ta san daƙiƙa nawa ne tsakanin waƙa da waƙa, amma in ka ce ta rera maka layi ɗaya ba za ta iya ba. Tun makonta na farko a ɗakin nan ta gane cewa in ta bi waƙar, aibin zai wuce ta. Sai ta koya wa kunnenta ya ture mawaƙi gefe ya duba bayansa, kamar mai neman ƙura a bayan kabad. Kunnen ya koya, kuma da aka rufe masana'anta bai manta ba. A rediyo ƙas ɗin faifan gidan rediyon take ji. A kaset, shuu. A coci, fanka da wani maɓallin piyano da ke maƙalewa. Mista Tibbs, Allah ya ji ƙansa, a mota yake zama ya ji kiɗansa, yana zaton gajiyar aiki ce ke sa ta fita in an kunna.

Da can abin bai dame ta ba. Tana cewa wata rana in ta huta za ta zauna ta ji su duka. Yanzu ga likita ya sa wa wata ranar iyaka. Hukuncin Hosea da Ozella ba shi ne ya hana ta ajiye jaka ba. Tsoronta shi ne kunnen ya rufe ba ta taɓa jin abin da ta ba shi shekara ashirin da biyu ba, ta shiga shiru da ƙas-ƙas kawai a kanta.

In don hukunci ne ma tana da amsa a aljihu. Ja tsaf ya fita daga hannunta. Shuɗi kuwa yana da aibi. Gefe na biyu, waƙa ta uku, minti biyu da daƙiƙa goma, akwai wani ɗan ƙit. A 1969 sau uku ta tsayar da inji a kansa. Aka canza farantin ƙarfen da ake buga faifan da shi, ƙit ɗin na nan. Shugaban ma'aikata ya ce haka ya zo daga inda aka ɗauki waƙar, ta sa hannu mota na jira. Ta ƙi. Shi ne faifai ɗaya tak da ya fita daga masana'antar babu sa hannunta, kuma shekara sha shida tana jin haushinsa kamar maƙwabcin da ya ari tsani bai mayar ba. Tana iya cewa Ja, a tafa, kowa ya ci kifi.

Saura kwana tara. Ta sauke tukunyar fure daga kan garmahon Mista Tibbs, ta yaye mayafin da ke kansa, ta shiga ɗakin baya ta zaro nata kwafin. Ta sa Ja, ta ja kujera ta zauna. Ƙahoni suka shigo. Daƙiƙa ashirin, ƙura ta yi ƙas, sai ga ta a tsaye da allura a hannu, ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta goge faifan ta sake sawa. Ta zauna a kan hannuwanta. Wannan karon ta kai ƙarshen gefe, amma da allura ta ɗaga abin da ta iya faɗi shi ne ƙas huɗu ne, ɗaya a waƙa ta biyu, uku a ta biyar. Mutumin da ya yi ta tsaga maƙogwaronsa minti sha biyar, ko gaisawa ba su yi ba.

Ta gwada da ido rufe. Ta gwada a kwance. Ta gwada daga ɗakin girki da ƙofa a rufe, sai ta tsinci kanta da kunne manne a jikin ƙofar. Rana ta huɗu ta samu jan fensir a hannunta, ba ta ma san yana gidan ba. Mu daga waje abin da muke ji shi ne waƙa ta fara ta tsaya, ta fara ta tsaya, sannan Vernell ta fito ta share barandar da ta share ɗazu.

"Tana nazari," in ji Hosea. "Kin ji sau nawa ta sa Ja?"

"Tana neman abin yabo ne ta rasa," in ji Ozella.

Ranar ta zo da zafinta. Aka gindaya motoci biyu a bakin layi, aka fito da tebura. Ozella ta kafa baƙar tukunyarta ta ƙarfe a gefen gidan Vernell, mai ya yi zafi, ga tarwada bokiti biyu an birkiɗa ta a garin masara. Aka fito da garmaho baranda, aka ɗora lasifika ɗaya a kan taga. Aka kori kyanwa. Vernell ta fito da rigar coci da hula, ta zauna a kujerar lilo, mutane har suna taɓa juna su nuna.

Hosea ya hau matakala ya gyara murya. "Jama'a, Ja za a fara sawa, don shi ne babba a shekara da komai."

"A shekara dai," in ji Ozella, wadda ta bar tukunyarta ta zo gaba da matsami a hannu.

Hosea kwafinsa ya kawo, wanda ya halarci duk wani biki na shekara sha takwas, har da tabon miya a jikinsa. Allura na sauka ya fara ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Vernell ta damƙe hannun kujera. Ba ta kai rabin minti ba ta miƙe ta ɗaga allurar.

"Yaya, lafiya?"

"Sake sawa."

Ya sake. Ta sake tashi. A karo na uku wani daga baya ya ce ko alƙali na jin fitsari ne, aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tsaya da allurar tsakanin yatsu biyu, ta dubi ƙanenta, ta dubi Ozella, bakinta ya buɗe da niyyar cewa Ja a wuce wurin. Abin da ya fito daban ne.

"Ban taɓa jin su ba."

"Ƙara sauti," in ji Ozella. "Kunnen ne."

"Ba kunnen ba ne, Ozella. Tun yana da lafiya. Ni datti aka ɗauke ni in ji, dattin nake ji. Mutumin nan naka, Hosea, ban san me yake cewa ba. Matar nan taki ban san muryarta ba. Shekara sha shida kuna tambayar wanda bai je wurin ba."

Hosea ya sosa ƙeya.

"To duk hikimar nan da muke ta yabo fa, Yaya?"

"Shara nake yi kuna tare mini hanya."

Ozella ta buɗe baki, sai wani ya ce mai na hayaƙi. Vernell ce ta riga kowa sauka. Ko ba komai ta samu inda za ta sa fuskarta. Ta fizge matsamin daga hannun Ozella, ta zagaya gefen gida da hularta ta coci, ta fara jefa kifi a mai. Tukunya ta ɗauki ƙara, caaa, ƙas-ƙas-ƙas ta ko'ina.

Hosea, don ya rufe kunyar yayarsa, ya mayar da allura ya ƙure sauti ya ce kowa ya ci abinci. Lasifikar da ke kan taga tana saitin kan Vernell.

Kunnenta ya kama aiki kamar kullum, ya tafi neman ƙas. Ya samu dubu. Na mai ne ko na faifai, babu mai iya rabewa, ko ita. Ya kama wannan, goma sun fashe a gefensa. Ya bi, ya bi, ya gaji, ya saki. Hannunta na dama da ya saba zabura yana riƙe da matsami, kifi na neman a juya shi. Sai kawai ta ji wani mutum a taga yana roƙon wata mata ta buɗe masa ƙofa, yana rantsuwa ya bar halinsa, ƙahoni huɗu suna mara masa baya kamar abokan da suka san ƙarya yake amma sun rako shi.

"Ji maƙaryaci," in ji Vernell, ita kaɗai.

Ozella da ta biyo ta karɓar matsami ta tsaya. "Me kika ce?"

"Mutumin nan. Ba zai daina ba. Ji yadda yake jan kalmar." Ƙafarta ta hagu na buga ƙasa. Ta duba ƙafar kamar ta wani ce. "Ozella, kada ki bari man nan ya huce. Miƙo kifi."

Ja ya yi gefe biyu, Vernell ta soya bokiti ɗaya da rabi, kowane yanki ya fito jajawur. Har juyi ta yi sau ɗaya da matsami a sama, hular coci ta karkace. Hosea ya leƙo ta kusurwar gida ya ga haka, ya koma yana gaya wa mutane a fara yi wa Madam Kuku ta'aziyya.

"Sa ɗayan," Vernell ta ce da ƙarfi.

Shuɗi ya fi tsawo, kifi kuma ya kusa ƙarewa. Kafin a juya gefe na biyu bokiti ya koma wayam, mai ya fara yin shiru, ƙas ɗin faifan ya fara leƙowa. Vernell ta ji kunnenta na shirin komawa bakin aiki.

"Kawo wani abu. Ko mene ne."

Ozella ta ruga. Aka kawo kuɓewa, aka kawo ɗanyen tumatir, aka kawo albasa. Wata ta kwaɓa sauran garin masara aka dinga jefawa dunƙule-dunƙule. Wani ya miƙo burodin da aka yanka don cin kifi, shi ma ya shiga. Ana cikin haka aka gano wasu yanka huɗu na tarwada da Hosea ya ɓoye a ƙarƙashin faranti don ya tafi da su gida. Suna shiga mai waƙa ta uku ta fara.

Ta san wurin. Ko a mafarki ta san shi. Amma yau ta hanyar waƙar ta zo masa. Matar da ke waƙar tana guga ne, rigar wani mutum da ya tafi, tana faɗin yadda take bin wuyan rigar da hannuwa da wajen maɓallai, tana ninkewa ta sa a durowa kan sauran. Ba ta ce ya mutu ba, ba ta ce ya gudu ba. Goge ya ja baya ya bar ta da piyano. Ta zo kan sunansa, minti biyu da daƙiƙa goma, sai maƙogwaronta ya kama. Ƙit. Ta haɗiye, ta ƙarasa sunan.

Vernell ta tsaya da matsami a iska. Sau uku ta tsayar da inji a kan wannan. Ta sa an jefar da farantin ƙarfe mai kyau, ta yi faɗa da shugaba, ta hana sa hannunta, duk don wata mata ta yi ƙoƙarin kada ta yi kuka a gaban mutane. Akwai riguna shida na Mista Tibbs a durowar ƙasa, a goge, shekara bakwai ke nan, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Hayaƙi ne ya dawo da ita. Kifin Hosea huɗu sun zama gawayi.

Da faifan ya ƙare ta zagayo gaba, rigar coci duk ɗigon mai, idonta ja. Ta ce hayaƙi ne, muka ce haka ne. Ba ta koma kujera ba.

"To, Yaya?" in ji Hosea. "Na ga rawa dai da idona. Kuma kowa shaida ne, faifan da ya ƙona abinci ba faifan kirki ba ne."

"Abincin da ka sata," in ji Ozella.

"Naka ya iya, Hosea," in ji Vernell. "Ban san ƙafata na aiki ba sai yau. In biki nake shi zan sa, kuma in na ga mutumin nan zan ba shi kifi, amma ba zan buɗe masa ƙofa ba. Sai dai da yake waƙa ina jin sa ina juya kifina. Ita kuwa da ta zo wurin nan, na manta akwai wuta a gabana. Shuɗi ya fi. Ka yi haƙuri."

Ozella ba ta yi guɗa ba. Ta gyara zaman tabaranta kawai ta ce, "Shekara biyar, Direba."

"Ban yarda ba. Alƙalin da ya faɗa da bakinsa yau ya fara jin shari'a? Sau ɗaya fa ta ji kowanne, kuma a bakin tukunya. Sai an sake."

"Za a sake," in ji Vernell. "Gobe da ƙarfe huɗu. Ka zo da kifi, ka bar wannan faifan naka mai miya a gida, ina da mai tsabta."

Ta shiga ciki. Muna zaton wanka za ta yi, sai ga ta da nata kwafin Shuɗi da jan fensir. Ta ɗora kwalin a kan hannun kujerar lilo, ta sunkuya ta rubuta V. Tibbs a kusurwa, da kwanan wata, kamar yadda take yi a masana'anta.

Hosea bai rufe baki shekara biyar ba, ko kwana biyar bai yi ba. Amma kullum ƙarfe huɗu yana bakin shinge da ƙunshin kifi. Vernell ta ƙirga kwalayen ɗakin baya ta raba da kwanakin da likita ya ba ta, lissafi ya ce faifai uku a rana in tana so ta gama, don haka yanzu ta fi da rashin zama. An mayar da tukunya ƙarƙashin taga dindindin. Duk layin mun yi ƙiba, Fasto ma ya yi magana a kai. Lasifikar kuwa wata uku da suka wuce tana kan taga, yanzu ta sauko kan kujera dab da kafaɗarta ta dama, kuma sautin da ake ƙurewa ya kai har masu layin baya sun san abin da ake ji. Jiya na wuce na tarar ta kai babban kwali na sha ɗaya. Na gaishe ta sau biyu ba ta juyo ba, tana juya kuɓewa tana yi wa wani mawaƙi faɗa a kan ya bar matar mutane ta tafi.